Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Harkokin Waje kan Haƙƙin 'Yan Ƙasa Masu Aiki a Ofisoshin Jakadanci

Zuwa ga Mai Girma Ministan Harkokin Waje na Jamhuriyar Ghana, tare da sanar da Antoni-Janar kuma Ministan Shari'a, da Ministan Ƙwadago, da Kakakin Majalisar Dokoki.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka, mu 'yan zangon Ankara, babban birnin Ghana, ne daga Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama da Madina. A cikinmu akwai lauyoyi, akwai jami'an ƙungiyoyin ƙwadago, akwai waɗanda sana'arsu lissafin albashi da fansho. Muna magana ne da yawun 'yan Ghana da ke aiki a ofisoshin jakadancin ƙasashen waje da gidajen jami'an diflomasiyya a Cantonments, Ridge, Labone, Airport da Roman Ridge: direbobi, masu gadi, kuku, masu shara da wanki, masu kula da lambu, masinjoji, sakatarori da tafintoci. Da yawansu 'yan unguwanninmu ne, suna hawa trotro tun da asuba su tafi yi wa gwamnatin wata ƙasa aiki a cikin ƙasarsu ta haihuwa.

Adalci ne mu fara da cewa akwai ofisoshin jakadanci da ke biyan albashi mai kyau a kan kari, suna zuba kuɗin fansho, suna sallamar mutum cikin mutunci. Kukanmu a kan ranar da aka samu saɓani ne. A ranar, ma'aikacin da ya yi shekara goma ko ashirin yana buɗe ƙofa ko yana tuƙa mota sai ya ji magana guda daga bakin kowa: "Ai suna da rigar kariya." Da wannan magana ake sallamar mutum daga ofis zuwa ofis har ya haƙura. Mun rubuto ne domin maganar nan rabin gaskiya ce, kuma sauran rabin yana hannun ma'aikatarka.

Rigar kariya tana hana kotu ta saurari wasu ƙararraki. Ba ta goge bashi, ba ta kuma ɗauke wa kowa bin doka. Yarjejeniyar Biyana (Vienna) kan hulɗar diflomasiyya ta 1961, wadda Ghana ta ba manyan sassanta ƙarfin doka ta Dokar Kariyar Diflomasiyya mai lamba 148 ta 1962, ta faɗa a sashe na 41 cewa duk mai cin gajiyar kariya wajibi ne ya girmama dokokin ƙasar da yake baƙunta. Dokar Ƙwadago mai lamba 651 ta 2003 kuwa, a sashenta na farko, sojoji da 'yan sanda da jami'an gidan yari da hukumomin tsaro da leƙen asiri kaɗai ta cire. Ba ta cire direban ofishin jakadanci ba. Hutun shekara na kwana 15 na aiki da cikakken albashi haƙƙinsa ne. Hutun haihuwa na mako 12 haƙƙin sakatariya ne. Kwantiragi a rubuce ga duk aikin da ya kai wata shida wajibi ne. Abin da ya ɓata shi ne hanyar da za a bi a karɓo haƙƙin.

Ya kamata a rarrabe masu ɗaukar aiki guda uku, domin cakuɗa su ne ke jawo rabin asarar da muke gani.

Akwai wanda ofishin jakadancin ne ya ɗauke shi. Wannan, a shari'ance, ma'aikacin gwamnatin waccan ƙasa ne, kuma abin da ake kafa masa shi ne kariyar ƙasa mai cikakken iko. Akwai wadda jami'in diflomasiyya ya ɗauka da kansa ta yi masa girki ko rainon yara, yana biyanta daga aljihunsa. Ita abin da ke gabanta kariyar mutum ce, ta sashe na 31 na yarjejeniyar Biyana, kuma ta fi ta farko tsauri muddin jami'in yana kan muƙaminsa. Sai na uku, maigadi ko mai shara da wani kamfanin Ghana ya ɗauka ya tura shi ƙofar ofishin jakadanci. Wannan babu wata kariya a tsakaninsa da mai gidansa. Kamfanin ne ke bin umarnin Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa kamar kowane kamfani. Amma sau da yawa akan tsorata masu gadi da sunan ofishin da suke tsaro, su bar kuɗin ƙarin lokacinsu da na fanshonsu, alhali ƙararsu ce ta fi ta kowa sauƙi.

A kan rukuni na farko ne muke son mu daɗe, domin a nan ne Ghana ta makara.

A da can, dokar ƙasa da ƙasa ta ɗauka cewa ba a kai wata ƙasa gaban kotun wata ko da a kan mene ne. An daɗe da barin wannan ra'ayi. Yanzu ana duba irin aikin da ƙasa ta yi. In aikin mulki ne, wanda gwamnati kaɗai ke iya yi, kariya na nan. In kuwa irin abin da kowane mutum ko kamfani ke yi ne, kamar sayen siminti ko ɗaukar kuku, babu kariya. Amurka ta rubuta wannan a doka a 1976, Birtaniya a 1978, Afirka ta Kudu a 1981. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniya kan kariyar ƙasashe da dukiyoyinsu a Disambar 2004. Sai ƙasashe 30 sun rattaba mata hannu na ƙarshe za ta fara aiki, amma kotuna sun riga sun ɗauki sashenta na 11 a matsayin ma'auni. Sashen ya ce ƙasa ba za ta fake da kariya ba a ƙarar da ta shafi kwantiragin aikin da aka yi a ƙasar da kotun take, sai a wurare ƙididdigaggu: in an ɗauki mutum ne don ya gudanar da wani aikin ikon gwamnati, in shi kansa jami'in diflomasiyya ne, in abin da yake nema a tilasta a ɗauke shi ko a sabunta masa kwantiragi ko a mayar da shi bakin aiki ne, in shugaban waccan ƙasa ko ministan harkokin wajenta ya bayyana cewa shari'ar korar za ta taɓa tsaronsu, in ma'aikacin ɗan waccan ƙasa ne da ba mazaunin dindindin ba a nan, ko kuma in an yi wata yarjejeniya daban a rubuce.

An gwada wannan ma'auni a kan talakawa irin namu. A 2010 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta ce Lituweniya ta tauye haƙƙin wata sakatariya mai karɓar waya a ofishin jakadancin Polan, da kotunanta suka ƙi sauraren ƙarar korarta. A 2011 ta faɗi haka kan Faransa game da wani akanta na ofishin jakadancin Kuwait a Paris. A 2012 kotun Tarayyar Turai ta duba ƙarar wani direban ofishin jakadancin Aljeriya a Balin, ta ce kotun ƙwadagon Jamus na iya saurarensa matuƙar aikinsa ba na ikon gwamnati ba ne. A Oktobar 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci kan wasu mata biyu 'yan Maroko, ɗaya kuku a ofishin jakadancin Sudan, ɗaya mai aikin gida a na Libiya, duka a Landan. Ta ce sassan dokar 1978 da suka rufe musu ƙofa sun wuce abin da dokar ƙasa da ƙasa ta buƙata, kuma a 2023 aka gyara dokar. Ma'anar wannan, ranka ya daɗe, ita ce ofishin jakadancinmu na Landan yana ƙarƙashin wannan hukunci kamar kowane ofishi a can. In kukunsa ya kai ƙara, za a saurare shi. To kukun da ke Ankara fa?

Ghana ba ta da dokar Majalisa da ta fayyace kariyar ƙasashen waje. Alƙali sai ya koma ga hukunce-hukuncen baya da al'adar ƙasa da ƙasa, lauyan kowane ɓangare ya kawo wadda ta yi masa daɗi. Ma'aikacin da aka kora ba shi da kuɗin da zai yi shekaru yana jayayya a kan ko kotu na da hurumi, tun kafin a taɓa maganar albashinsa. Mun ga yadda hukuma ta tashi tsaye lokacin da Babbar Kotu ta sa aka tsare jirgin ruwan yaƙin Ajantina mai suna Libertad a Tema a Oktobar 2012. Kotun ƙasa da ƙasa ta dokar teku ta ba da umarnin a sake shi a watan Disamba, Antoni-Janar ya kai maganar Kotun Ƙoli, a Yunin 2013 aka soke umarnin tsarewar. Daidai ne, jirgin yaƙi ba abin kamawa ba ne a kan bashi. Muna roƙon a ba ɗan ƙasa irin kulawar da aka ba jirgin baƙi.

Abin da ya fi ba mu ciwo shi ne gwamnatinmu ta riga ta tuɓe wannan riga a gaban nata ma'aikatan. Sashe na 293 na Kundin Tsarin Mulkin 1992 ya ce mai neman haƙƙi a wurin gwamnati zai kai ta ƙara kai tsaye, ba sai ya nemi izininta ba. Dokar 555 ta 1998 ta shimfiɗa hanya: a ba Antoni-Janar sanarwa a rubuce kwana 30 kafin shigar da ƙara, shi ne kuma ake sa wa suna a matsayin wanda ake ƙara. Sashe na 191 na Kundin Tsarin Mulkin ya hana a kori ma'aikacin gwamnati ba da dalili na gaskiya ba. Jinkirin biyan kuɗin da kotu ta yanke ciwo ne da malamai da ma'aikatan jinya suka sani, amma dai ƙofar a buɗe take. Ba ko'ina ake samun haka ba. A Amurka, a 1999, wasu jami'an sa ido kan masu laifi na jihar Maine sun nemi kuɗin ƙarin lokacinsu a ƙarƙashin dokar tarayya, Kotun Ƙoli da rinjayen alƙalai 5 a kan 4 ta ce ba za su kai jihar ƙara ba, ko da a kotunan jihar, sai da yardarta. Amma ko a wannan hukunci an bar wata ƙofa, wato gwamnatin tarayya na iya shigar da ƙara ta karɓo musu. Wannan shi ne darasin da ya shafe mu: inda aka ɗaure hannun ma'aikaci, nauyin ya koma wuyan gwamnatinsa.

Ga yadda abin yake lalacewa a aikace. An miƙa wa direba takardar sallama ranar Juma'a, an karɓe katinsa a bakin ƙofa. Sashe na 17 na Dokar Ƙwadago ya ce kwantiragin da ya kai shekara uku sai an ba da sanarwar wata guda ko albashin wata guda a madadinta, wanda bai kai ba mako biyu. In rage ma'aikata ne ko rufe wani sashe, sashe na 65 ya ce a sanar da Babban Jami'in Ƙwadago wata uku kafin nan, a kuma zauna a daidaita kuɗin sallama. Ba a yi ko ɗaya ba. Ya kai kuka Hukumar Ƙwadago, hukuma ta rubuta gayyata. Sashe na 22 na yarjejeniyar Biyana ya hana jami'an Ghana shiga harabar ofishin jakadanci sai da izinin jakada, don haka masinjan kotu ba ya wuce ƙofa. Takardar da aka bari a hannun maigadi ba ta zama isar da sammaci ba, kuma duk hukuncin da aka gina a kanta rusasshe ne. Hanyar da ta inganta ita ce ta ma'aikatarka, domin sashe na 41 ya ce duk wata hulɗar hukuma da ofishin jakadanci ta nan take bi. To a nan takarda ke kwana. Mai ƙara ba shi da lambar fayil, ba shi da wa'adi, ba shi da shaidar cewa an miƙa. Dokar ƙayyade lokaci ta 1972 kuwa shekara shida ta ba ƙarar kwantiragi, kuma shekarun ba sa tsayawa don takarda na kan tebur.

Akwai kuskuren da masu ƙara ke yi wanda ya kamata a riƙa faɗa musu tun da wuri. Sashe na 64 na Dokar Ƙwadago ya ba Hukumar Ƙwadago ikon ta mayar da wanda aka kora ba bisa ƙa'ida ba bakin aikinsa, ko ta sa a biya shi diyya. Duk wanda ya nemi a mayar da shi ofishin jakadanci ya miƙa wa ɗaya ɓangaren makami, domin babu kotun da za ta tilasta wa wata ƙasa ta buɗe harabarta ga wanda ba ta so. Kuɗi ake nema: albashin da aka riƙe, kuɗin sanarwa, kuɗin hutu, diyya.

Maganar fansho ita ce ta fi cin mutane, domin ba a ganin ɓarnarta sai tsufa ya zo. Dokar Fansho mai lamba 766 ta 2008 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kashi 13 cikin ɗari na ainihin albashi, ma'aikaci kashi 5.5, jimla 18.5. Kashi 13.5 na tafiya SSNIT, wato hukumar fansho ta ƙasa, kashi 5 na tafiya asusun fansho na mataki na biyu, kuma a cikin kwana 14 bayan ƙarshen wata ake zubawa. A ɗauki misalin mai albashin sidi 2,000. Ofis zai ba da 260, a cire masa 110, a haɗa 370 kowane wata. In aka yi shekara 12 ba a zuba ba, sidi 53,280 ke nan ba tare da ribar da za su haifar ba. Asarar watanni ta fi ta kuɗin muni. Sai mutum ya tara wata 180 na zubi kafin ya cancanci fanshon wata-wata, kuma wata 144 da suka wuce a banza ba sa dawowa ga mai shekara 55. Wasu ofisoshin kan ƙara wa ma'aikaci wani abu a albashi su ce ya je ya yi wa kansa rajista. Mai iyali da ke biyan haya a Nima da kuɗin makaranta, abin da ya shigo hannu ya tafi. Sufetan SSNIT da ke shiga kowane kamfani ya duba littafin albashi, ya ɗora tarar kashi 3 cikin ɗari a wata ga mai jinkiri, ba ya iya shiga nan. Haka zancen haraji: inda ofis bai cire daga albashi ba, ɗan Ghana shi ke da alhakin kai nasa, kuma da yawa ba wanda ya taɓa gaya musu sai bashi ya taru.

Masu aikin gida sun fi kowa shiga tsaka mai wuya. Ƙa'idojin masu aikin gida na 2020, wato L.I. 2408, sun wajabta kwantiragi a rubuce. Sashe na 33 na yarjejeniyar Biyana da kansa ya ce jami'in diflomasiyyar da ya ɗauki 'yar ƙasa aiki sai ya sauke nauyin fanshon da dokar ƙasar ta ɗora wa masu ɗaukar aiki. Amma ba a kai shi kotu yana kan muƙami, sai in ƙasarsa ta janye masa kariya a fili, kamar yadda sashe na 32 ya tanada. Idan wa'adinsa ya ƙare ya bar ƙasa, kariyar ta faɗi a kan duk abin da ba aikin ofis ba, kuma Kotun Ƙolin Birtaniya ta tabbatar a 2017 cewa ɗaukar mai aikin gida ba aikin ofis ba ne. Sai dai a lokacin ya riga ya hau jirgi. An ce tana iya bin sa kotun ƙasarsu. Matar da ake bin ta kuɗin ɗaki, ina za ta samo biza da tikiti da lauya? Lokacin da maganarta ke da amfani shi ne makonnin da jami'in ke haɗa kaya, kuma ma'aikatarka ce ta san ranar tafiyarsa, domin sashe na 10 ya sa a sanar da ita.

Ko an ci shari'a, ba a gama ba. Janye kariya don a yi shari'a daban, janye ta don a zartar da hukunci daban. Ba a kama motar ofishin jakadanci, ba a taɓa kayan harabarsa, asusun bankin da yake tafiyar da aikinsa ma a kare yake, kamar yadda kotun tsarin mulkin Jamus ta faɗa a 1977 da Majalisar Dattawan Birtaniya, a zamanta na kotun ƙoli, a 1984. Ba mu neman a sauya wannan, domin da shi ne ake kare namu ofisoshin a waje. Amma shi ne ya sa muke cewa maganin na gaskiya a gaba yake, a kuɗin da aka ajiye da sunan ma'aikaci kowane wata, inda ba sai an kama komai ba. Mu a zango da hadisin nan aka raine mu, cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma mun tabbata babu addini ko al'adar da ta saɓa masa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga buƙatunmu, mun faro daga wanda ba ya jiran kowa sai sa hannunka.

Muna roƙon sashen furotokol na ma'aikatarka ya aika wa duk ofisoshin jakadanci da ƙananan ofisoshinsu wasiƙar diflomasiyya guda, wadda za a buga kowa ya gani, ta bayyana matsayin Ghana: 'yan ƙasa da mazaunan dindindin da aka ɗauka aiki a nan suna ƙarƙashin Dokar Ƙwadago, da Dokar Fansho, da dokar diyyar rauni a wurin aiki ta 1987. A haɗa da samfurin kwantiragi mai nuna albashi, sa'o'in aiki, hutu, sanarwa, kuɗin sallama da inda za a kai saɓani. A nemi kowane ofis ya riƙa miƙa jerin ma'aikatansa 'yan ƙasa sau ɗaya a shekara, da lambar Katin Ghana ta kowa, tare da takardar shaidar SSNIT cewa ba a bin sa bashi. A riƙa biyan albashi ta banki, a ba da takardar albashi, domin wanda ake biya a ambulan ba shi da abin nunawa ranar jayayya.

Muna roƙon a kafa teburin sasanci na dindindin, mai wakilin ma'aikatarka, da na Sashen Ƙwadago, da na SSNIT, da na ƙungiyar ƙwadago. Ba sabon abu ba ne. Jiniba ta kafa irinsa a 1995, Beljiyam a 2013, kuma hikimarsa ita ce jakada na iya zama a teburin sasanci ba tare da ya janye kariyarsa ba, don haka ba shi da hujjar ƙin zuwa. A ba duk mai kuka lambar fayil a ranar da ya zo. A saurare shi da Hausa, Dagbani, Twi, Ga ko Ewe in Turanci ya yi masa nauyi. A sa wa'adin kwana 30 na zaman farko. Kukan mai aikin gida kuwa, in maigidan na shirin barin ƙasa, a zauna a kansa cikin mako guda.

Game da sammaci, muna neman ƙa'ida a rubuce: takardar kotu ko ta Hukumar Ƙwadago da ta iso ma'aikatarka a miƙa ta cikin kwana 14, a ba kotu da mai ƙara shaidar miƙawa mai kwanan wata. A ba ƙasar da ake ƙara isasshen lokaci ta amsa, Birtaniya wata biyu take bayarwa, yarjejeniyar 2004 ta ce wata huɗu kafin a yanke hukunci a bayan ido. Kuma duk lokacin da kotu ta nemi ma'aikatarka ta tabbatar da matsayin wani, takardar ta tsaya a kan cewa wane jami'in diflomasiyya ne ko ba shi ba ne. Ko kariya ta shafi wannan ƙara, aikin alƙali ne.

Inda aka yi sasanci ko hukunci aka ƙi biya, kana da matakan da ba su saɓa wa yarjejeniyar Biyana ba. Ba a tsare jami'in diflomasiyya, ba a hana shi tafiya, ba mu kuma nemi haka ba. Amma ana iya rubuta wa ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsa kai tsaye, ana iya neman ta janye kariya, ana iya dakatar da amincewa da sabon mai aikin gida ga jami'in da bai sallami na baya ba. Ga wanda ya mayar da cin haƙƙi ɗabi'a, sashe na 9 ya ba Ghana ikon ta ce ba ta buƙatarsa, ba sai ta ba da dalili ba.

Ga Antoni-Janar da Majalisar Dokoki, muna neman ƙudurin dokar kariyar ƙasashen waje, mai sashe na musamman kan kwantiragin aiki bisa tsarin sashe na 11 na yarjejeniyar 2004, da kuma gabatar da yarjejeniyar kanta gaban Majalisa a ƙarƙashin sashe na 75 na Kundin Tsarin Mulki. Wurare biyu muke so a kiyaye wajen rubutawa. Kada a bar maganar "aikin ikon gwamnati" a sake, har ta haɗiye direba don ya ji hirar jakada a mota, ko mai shara don tana shiga ofishinsa. A duba ainihin aikin da aka ɗauki mutum ya yi. Sannan kada a yarda layin da aka cusa a kwantiragi, mai cewa kotun wata ƙasa kaɗai ke da hurumi, ya raba ɗan Ghana da kotun Ghana a kan aikin da ya yi a Ghana. Ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da ke da mazauni a Ankara nasu hukuncin daban ne, daga yarjejeniyar mazauni yake fitowa, don haka duk wadda za a sa wa hannu nan gaba a sharɗanta mata hanyar sasanta saɓani da ma'aikatanta 'yan ƙasa, har da na wucin gadi. Hukumar Ba da Agajin Shari'a kuma a ware mata lauyoyin da suka san wannan fanni.

Mu ma akwai namu nauyin, kuma mun ɗauka. Za mu bi masallatai da majalisun sarakunan zango muna gaya wa mutanenmu su adana takardar ɗaukar aiki da takardun albashi da hoton katin aiki a gida, su duba bayanin asusunsu na SSNIT aƙalla sau biyu a shekara, kada kuma su sa hannu a takardar "na karɓi duk haƙƙina" a tsaye a bakin ƙofa kafin wani masani ya karanta musu.

Muna roƙon ka ba wakilanmu lokaci su zo ofishinka tare da wakilan ƙungiyar ƙwadago. Za mu zo da daftarin wasiƙar diflomasiyyar, da samfurin kwantiragi, da tsarin teburin sasanci, domin jami'anka su duba su gyara. Muna kuma roƙon a ba mu amsa a rubuce, wadda za mu karanta wa waɗanda muka yi magana da yawunsu.

Allah ya ƙara girma, ya ba ka ikon sauke nauyi.

Mu ne naka,
Wasu lauyoyi, jami'an ƙwadago da masana fansho daga zangunan Ankara.